Nono da Ƙarfin Ƙashi: Abin da Bincike Ya Nuna da Ma'anarsa ga Yaran Sabon Gida, Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki tambayar da ake yawan yi a gida da asibiti: shin shan nono da cin abin da ake sarrafawa daga gare shi suna ƙarfafa ƙashi? Ta bi sawun binciken da aka yi a Amurka da Suwidin da Ostareliya, ta jera shi da wanda aka yi a Jos da kuma Keneba ta ƙasar Gambiya, sannan ta auna sakamakon da yanayin rayuwar Sabon Gida da sauran garuruwan gundumomin Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa. Matsayin takardar shi ne amfanin nono ga ƙashi ya danganta da abin da mai sha ke samu tun farko. Wanda ya riga ya wadata da sinadarin kalsiyam, ƙarin nono ba ya ƙara masa wani abin kirki. Yaron da abincinsa gero ne safe da yamma kuwa, ɗan nonon da zai samu kullum yana iya raba shi da lanƙwasar ƙafa. Takardar ta rufe da shawarwarin da gidan manomi zai iya ɗauka da abin da ke hannunsa.

1. Gabatarwa

A ƙasar Adar da Gobir Tudu ba a gardama kan darajar nono. Fura ce abincin rana, kuma ana sanin gidan da ke da hali ta yawan nonon da aka dama ta da shi. In aka ga yaro ya miƙe, ƙafa sambal, sai a ce ya sha nono ya ƙoshi. Likitancin zamani ma ya daɗe yana koyar da haka, har kofin madara ya zama alamar ƙashi mai ƙarfi a littattafan makaranta.

Sai dai daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, manyan bincike daga ƙasashen Turai da Amurka sun sa shakka a wannan magana. Wasu sun nuna cewa masu yawan shan madara ba su fi sauran mutane tsira daga karaya ba. Labarin ya bazu a intanet, ya shigo wayoyinmu, har an fara jin masu cewa ai nono ba ya tsinana wa ƙashi komai. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu zauna mu tantance: a kan su wa aka yi waɗannan bincike, me suke ci, kuma hukuncin da ya hau kansu ya hau kan yaron Sabon Gida ko na Tamaske ta gundumar Keita? Hanyar da na bi ita ce bitar binciken da aka riga aka buga a mujallun likitanci, da ɗora shi a kan abin da kowa ya sani na noma da kiwo da abincin wannan yanki.

2. Yadda ƙashi ke ginuwa

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ɓangare yana gina sabo, tun daga ciki har mutuwa. Gininsa na buƙatar furotin, wanda ke ba shi sassauci, da kalsiyam da fosfora, waɗanda ke ba shi tauri. Jikin babban mutum na ɗauke da kusan kilo 1 na kalsiyam, kuma kashi 99 cikin 100 nasa yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar da ke cikin jini shi ke sa zuciya bugawa da tsoka motsi, saboda haka jiki ba ya yarda ya ragu. In abinci ya gaza kawowa, sai jiki ya ɗebo daga ƙashi.

Ta wannan fuska ƙashi kamar rumbu yake: ana cika shi a ƙuruciya, a riƙa ɗiba a tsufa. Cikawar ta fi sauri a shekarun balaga, kuma zuwa ƙarshen shekaru 20 da wani abu ta kai iyakarta. Daga nan sai riƙo, sannan raguwa a hankali, wadda ke ƙara sauri ga mace bayan al'ada ta ɗauke mata.

Kalsiyam ba ya shiga jini sosai da kansa. Yana buƙatar bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. Ƙashi kuma yana buƙatar aiki: tafiya, ɗaukar kaya, daka da noma duk suna sa shi ƙara ƙwari. Saboda haka ƙarfin ƙashi ya rataya a kan gado da abinci da rana da motsi gaba ɗaya, nono kuwa ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofin.

Amma ƙofa ce mai faɗi. Nonon saniya na ɗauke da kimanin miligiram 120 na kalsiyam a kowane mililita 100, watau kofi ɗaya na rubu'in lita ya kai kusan miligiram 300, kuma jiki na tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku. Na akuya bai gaza haka ba. Gero kuwa bai kai miligiram 50 a giram 100 ba, ga shi da wani sinadari mai suna fitat wanda ke ɗaure kalsiyam a hanji ya hana shi shiga jini. Dawa da masara ma haka suke, ko ƙasa da haka.

Nawa ake buƙata a rana? Hukumomi ba su zama baki ɗaya ba. Amurka ta sa miligiram 1,000 ga baligi da 1,300 ga matasa, Ingila ta tsaya a 700 ga baligi. Wannan saɓani shi kansa ya nuna cewa adadin ba ƙa'ida ɗaya ba ce ga kowace al'umma.

3. Abin da aka gano a ƙasashe masu wadata

A 1997 Diane Feskanich da abokan aikinta na Jami'ar Harvard suka buga sakamakon bibiyar mata ma'aikatan jinya fiye da 77,000 na tsawon shekara 12. Matan da ke shan kofi biyu ko fiye a rana ba su fi masu shan kofi ɗaya a mako tsira daga karayar ƙugu ko ta hannu ba. A 2014 wannan rukuni ya sake nuna cewa yawan shan madara a shekarun samartaka bai rage karayar ƙugu a tsufa ba.

A wannan shekara ta 2014 Karl Michaëlsson na Jami'ar Uppsala ya buga nasa binciken kan mata fiye da 61,000 da maza fiye da 45,000 a Suwidin. Matan da ke shan kofi uku ko fiye na madara a rana sun fi sauran yawan karaya. Sai dai a cikin binciken akwai wani sakamako da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi shafar mu: masu yawan shan madarar da ta yi tsami da masu cin cuku sun fi ƙarancin karaya. Masu binciken da kansu sun yi gargaɗin cewa irin wannan bibiya tana nuna abubuwan da suka zo tare ne, ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya ba.

Tun 1986 masanin abinci Mark Hegsted ya lura cewa ƙasashen da suka fi shan madara, irin na arewacin Turai, su ne suka fi yawan karayar ƙugu. Dalilai da dama na iya bayyana wannan: tsawon rai, tsawon jiki, ƙarancin rana, zaman kujera, santsin ƙanƙara a hunturu. Darasin dai ya tsaya: madara kaɗai ba ta hana tsoho karyewa.

Gwaji mafi ƙarfi ya zo daga Ostareliya a 2021. Sandra Iuliano da abokan aikinta suka ɗauki gidajen kula da tsofaffi 60, masu mazauna fiye da 7,000, suka raba su biyu. Rabi aka ƙara musu madara da kindirmo da cuku a abinci, rabi aka bar su yadda suke. Cikin shekara biyu, karaya ta ragu da kashi 33 cikin 100 a gidajen da aka ƙara wa, karayar ƙugu ta ragu da kashi 46, faɗuwa da kashi 11. Abin lura shi ne waɗannan tsofaffi tun farko ba su samun isasshen kalsiyam da furotin.

Idan aka jera waɗannan sakamako za a ga ba su saɓa wa juna ba. Inda aka ƙara wa mai isasshe, ba a ga amfani ba. Inda aka cike wa mai giɓi, an gani.

4. Abin da aka gano a Afirka ta Yamma

Bincike biyu sun fi kusa da mu a ƙasa da abinci. Na farko na Jos ne. Likitoci sun daɗe suna ɗauka cewa laushin ƙashin yara, wanda ke jawo gwame da ƙafar baka da kumburin wuyan hannu, ciwo ne na rashin bitamin D, watau na ƙasashen da rana ba ta fitowa sosai. To me ya kawo shi Najeriya, inda rana ke dukan kowa? Tom Thacher da Philip Fischer da John Pettifor da abokan aikinsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos suka gwada yara 123 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1999. Abin da yaran ke samu na kalsiyam bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, domin abincinsu hatsi ne, nono kuwa ba ya cikinsa. Bayan mako 24 na magani, kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai sun kai matakin warkewa, kashi 58 na waɗanda aka haɗa wa kalsiyam da bitamin D, amma kashi 19 kacal na waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Wannan aiki ya sauya fahimtar likitocin duniya. A 2016 masana suka cimma matsaya ɗaya cewa yaron da ya wuce shekara ɗaya, in abin da yake samu ya gaza miligiram 300 a rana yana cikin haɗarin laushin ƙashi, in ya haura 500 ya wadatar.

Na biyu na Keneba ne a Gambiya, inda Ann Prentice da abokan aikinta na hukumar binciken lafiya ta Ingila suka shafe shekaru suna bibiyar manoman da ke samun miligiram 300 zuwa 400 a rana. Sun ba yara masu shekara 8 zuwa 12 ƙwayar kalsiyam ta miligiram 1,000 har tsawon shekara guda. Da farko ƙashinsu ya ƙara tauri. Da aka bi su har suka girma, sai aka tarar samarin da suka sha ƙwayar sun fara tsawo da wuri, sun kuma tsaya da wuri, har suka gaza takwarorinsu da kimanin santimita 3.5. Sun kuma ba mata masu ciki miligiram 1,500 a rana daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa. Maimakon ƙashin iyayen ya ƙaru, sai aka same shi ya fi na waɗanda ba su sha ba raguwa a lokacin shayarwa. Fassarar masu binciken ita ce jikin da ya saba da kaɗan ya koyi tattali: yana tsotse kaso mai yawa daga abinci, yana rage abin da ke fita ta fitsari, kuma ƙwaya mai yawa da aka ba shi na ɗan lokaci aka janye tana iya dagula masa wannan tsari.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ƙwayar kalsiyam ga masu ciki a wuraren da abinci ya gaza, domin rage hawan jinin ciki da jijjiga, waɗanda ke kashe mata. Wannan dalili ne mai zaman kansa, kuma macen da ungozomar asibiti ta rubuta wa ƙwayar ta sha abinta. Abin da Keneba ta koya mana ya shafi ƙashi ne.

Jos ta nuna mana ƙasan da bai kamata yaro ya faɗa ba. Keneba ta nuna cewa ma'aunin Amurka ba dole ya zama namu ba. Tsakanin waɗannan biyu ne aikinmu yake: ɗaga yaro daga miligiram 200 zuwa 500, ta hanyar abinci, kullum, ba tare da yankewa ba. Kofi ɗaya na nono mai kyau ya isa ya cike wannan tazara.

5. Nono a ƙasar Madawa, Buza da Keita

Wanda bai san yankin ba zai ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Nijar ƙasar dabbobi ce. Ƙidayar noma da kiwo ta 2005 zuwa 2007 ta samu dabbobi kimanin miliyan 31. Jihar Tawa ce gidan saniyar Azawak, wadda ta yi suna wajen nono a duk Sahel, kuma ita ce gidan cuku. Daga gabas ga jar akuyar Maraɗi mai yawan haihuwa da nono. Amma yawan dabba a ƙasa daban, nono a ƙwaryar yaro daban.

Abu na farko shi ne lokaci. Da damina, sa'ad da ciyawa ta fito nono ya yawaita, manyan garkuna suna arewa, wajen Abalak da Cin Tabaradan har zuwa Ingal, domin gonaki sun rufe kudu. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta tabbatar da wannan rabo na ƙasar noma da ƙasar kiwo. Garkunan na dawowa bayan girbi su ci kara da harawa, a sami nono na ƴan watanni. Daga tsakiyar rani zuwa bazara kuwa saniyar gari da ƙyar take ba da lita ɗaya ko biyu, ga maraƙi na jira. Ke nan watannin da rumbu ke yin ƙasa, yara ke ramewa, zazzaɓin cizon sauro ke tashi, su ne watannin da nono ke wahalar samu a ƙauyen manomi. Sai fura ta koma farau-farau.

Na biyu shi ne talauci. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun share dabbobin gidaje da yawa, na 2005 da 2010 suka ƙara. Aikin raya ƙasar Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya ya farfaɗo da ƙasa mai yawa da ta mutu, amma jama'a ta ninka, burtali da makiyaya sun matse. Gidan da ke da saniya ɗaya sau da yawa sayar da nonon yake yi ya sayi gero, kuma ba a ga laifinsa ba. A kwarin Tarka, inda Sabon Gida da Madawa ke noman albasa, kuɗi na shigowa bayan an kwashe albasa, sai dai ba kowane gida ke mai da wani kaso nasa nonon yara ba.

Na uku shi ne ingancin abin da ake saye. A nan akwai albishir da gargaɗi. Albishir ɗin shi ne kalsiyam ba ya bin mai. In an kaɗa nono an cire man shanu, kalsiyam na nan a cikin tsala, man kuwa kusan babu komai nasa a ciki. Saboda haka tsalar talaka ba ta gaza kindirmon mai kuɗi ba wajen ƙashi. Gargaɗin shi ne ruwa. Nonon da aka tsinka da ruwa rabi da rabi, rabin amfaninsa ya tafi, sannan a zo gida a sake tsinkawa a ƙwaryar da mutum takwas za su sha. Abin da ya isa cikin ƙaramin yaro a ƙarshe bai fi cokali kaɗan ba.

Cuku na da muhimmanci na musamman a nan. Da yake ana haɗa shi da ɗanyar madara a daskarar da ita, a shanya har ya bushe, yana riƙe kalsiyam mai yawa a ɗan ƙaramin abu, kuma yana ajiyuwa wata da watanni ba tare da firji ba. Shi ne hanyar da makiyaya suka gano tun da daɗewa ta ɗauko nonon damina zuwa rani. A yau an fi ɗaukar sa tsarabar matafiyi ko abokin shayi. Ya cancanci a ɗauke shi abincin yara, a daka a dafa a cikin kunu.

Akwai kuma madarar gari ta kanti. Mai yawa daga cikin wadda ake shigo da ita Afirka ta Yamma an cire mata man asali an sa man ja a madadinsa, shi ya sa take da araha. Kalsiyam ɗinta na nan, in ba a cika mata ruwa ba. Illarta tana wani wuri: tana karya farashin nonon gida, ta sa makiyayi ya rasa dalilin inganta saniyarsa.

Jama'ar wannan yanki sun riga sun ga aikin madara da idonsu. Tun bayan yunwar 2005, asibitocin Madawa da Buza ke karɓar yara masu tamowa, kuma abin da ake farfaɗo da su madara ce ta musamman da kuma ƙullin gyaɗar nan na leda, wanda garin madara na cikin manyan abubuwan da aka haɗa shi da su. A ƙasar da fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ke da tsumburewa, bai kamata sai yaro ya kwanta asibiti zai haɗu da madara ba.

6. Cikas biyu: cikin da ke ƙi da nonon da ba a tafasa ba

Mutane da yawa na cewa madara na sa su kumburin ciki da zawo, kuma gaskiyarsu ne. Madara na da wani sukari da ke buƙatar sinadari na musamman a hanji kafin ya narke, kuma mafi yawan ƴan Adam suna rasa wannan sinadari bayan yaye. Binciken Norman Kretchmer da abokan aikinsa a Najeriya a 1971 ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girma, yawancin Hausawa da Yarabawa kuwa ba sa iyawa. Al'adarmu ta riga ta warware wannan. Idan nono ya kwana ya yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taimaka wa hanji da sauran. Shi ya sa wanda madara ke ɓata wa ciki yake shan fura da nono lafiya lau.

Cikas na biyu ya fi haɗari. Ɗanyar madarar dabba mara lafiya na iya ɗauke da ciwon bakkale, wanda ke sa shanu ɓari, da kuma tarin fuka na shanu. Dukansu biyu in sun shiga mutum suna iya kama gaɓoɓi da ƙashin baya. Ke nan nonon da aka sha don ƙashi na iya zama sanadin lalacewarsa. Tsami kaɗai ba ya ba da tabbacin kashe waɗannan ƙwayoyi. Tafasawa ce ke kashe su, kuma ba ta taɓa kalsiyam. A tafasa, a bari ya huce, a zuba ɗan tsohon nono a rufe, gobe a sami kindirmo.

7. Abokan tafiyar nono

Gidan da ba shi da dabba bai rasa mafita ba. Busasshiyar kuka da busasshen zogale kowannensu ya haura miligiram 1,000 na kalsiyam a giram 100. Riɗi da yakuwa da lalo da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya duk suna da rabonsu. A Jos an gwada garin kifi a matsayin hanyar ba yara kalsiyam. Jiki ba ya tsotse na ganye kamar yadda yake tsotse na nono a kowane hali, kuma abin da ake kaɗawa a miya kaɗan ne, amma abu ne na kullum, kuma cokalin garin zogale a kunun yaro ba ya cin kuɗi. Jiƙa gero da tsamar da ƙullu, kamar yadda ake yi wa koko, suna rage fitat.

Jariri kuwa hukuncinsa daban. Nonon uwa zalla ne abincinsa har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Uwa mai shayarwa tana fitar da kalsiyam daga ƙashinta zuwa nono, ƙashin ya ɗan ragu, sannan ya dawo bayan yaye. Tazara tsakanin haihuwa tana ba jikinta damar hutawa, musamman yarinyar da ta ɗauki ciki tun nata ƙashin bai gama ginuwa ba.

8. Shawarwari

Na farko, a gida: a ware wa yaron da aka yaye da yarinya mai tasowa nasu nonon kafin a tsinka na kowa. Kofi ɗaya a rana shi ne abin nufi, in bai samu ba rabi ma ya fi babu. Tsohon da haƙora suka zube, cin abinci ya ragu, shi ne na biye.

Na biyu, a kiwo: akuyar tatsa a hannun matar gida ita ce hanya mafi kusa, domin ba ta tafiya arewa da damina, kuma nononta ba kasafai ake kai shi kasuwa ba. Tsarin habbanaye na Fulani, inda ake ba da aron dabba har ta haihu, ya riga ya samu karɓuwa a ayyukan raya karkara na Nijar, kuma ya dace a ɗaura masa sharaɗin nonon yara. Tanadin harawa da kara da dusa don rani shi ke sa nonon ya ɗore.

Na uku, a asibitocin karkara: a riƙa duba ƙafa da wuyan hannun yara lokacin awo, a tambayi uwa abin da yaro ke ci, a daina ɗaukar gwame mai tsanani a matsayin halitta. In an kama ciwon da wuri, kalsiyam da bitamin D na miƙar da ƙafa ba tare da tiyata ba.

Na huɗu, ga masu bincike: Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da cibiyar binciken noma ta INRAN suna da ikon auna kalsiyam ɗin da yaran waɗannan gundumomi uku ke samu a kaka da rani da bazara, da wanda ke cikin tsalar kasuwa da cuku. Ya kamata a haɗa da maɗora, domin su ke fara ganin karaya kafin asibitin Galmi ko na Tawa, kuma su za su iya bambance wanda babur ya kayar da tsohuwar da ta karye don ta zame a tsakar gida.

9. Kammalawa

Amsar tambayar da muka faro da ita ita ce eh, nono na ƙarfafa ƙashi, ga wanda ke da giɓi, a lokacin da ƙashinsa ke ginuwa ko yake raguwa, in an sha shi a kai a kai kuma an tafasa. Binciken Harvard da na Uppsala sun yi magana ne kan mutanen da suka wuce wannan giɓi tun da daɗewa, don haka kuskure ne a karanta wa uwa a Sabon Gida sakamakonsu a matsayin dalilin hana ɗanta nono. Haka kuma ba mu da hujjar tsorata ta da adadin da aka tsara wa wata al'umma. Abin da ke gabanmu, likitoci da malaman kiwo da hukumomin gundumomi da iyaye, shi ne tabbatar da cewa daga yaye zuwa balaga kowane yaro na samun kofinsa, har a watannin damina da garke ba ya gari.